Baƙon da Ya Je Salaga: Rayuwar Fasto Theophilus Opoku

Karatu: Ibraniyawa 11:8-16 da Farawa sura 23

 Idan ka taɓa zama a kudu, ko a Kumasi, ko a Ankara, ko a ƙauyukan da ake noman koko, ka kuma taɓa raka maƙwabcinka jana'iza a ikkilisiyar Presbyterian, to, da wuya a ce ba ka ji wata waƙa da ake rerawa da harshen Twi ba, a hankali, sa'ad da ake shirin ɗaukar akwatin gawa. Tsofaffin mata ba sa ko buɗe littafi, gama sun haddace ta tun suna 'yan mata. Lambarta 791 a littafin waƙoƙinsu. Ko a nan arewa ma, a Bawku ko Yendi ko Zebilla, inda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti daga kudu suke sujada tare da mu, akan ji ta ran da aka yi rashi. Mai yiwuwa ba ka jin Twi, muryar kawai ta taɓa ka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waƙar nan tana da dangantaka da ƙasarmu. Tafiyar Salaga ce ta haife ta, a shekara ta 1877, daga bakin wani bawan Allah da cuta ta kwantar nesa da gida. Sunansa Theophilus Opoku. Labarinsa nake so mu duba tare yau.

Kafin mu kai gare shi, sai mu koma baya kaɗan, domin ikkilisiyar da ta rene shi a kan kaburbura aka gina ta. A watan Disamba na 1828 samari huɗu na mishan ɗin Basel, wani birni a ƙasar Suwizalan, suka sauka a Osu, bakin teku kusa da Ankara. Kafin shekara ta kewayo uku sun mutu da zazzaɓi, na huɗun ya bi su a 1831. Aka sake aiko da uku a 1832, ɗaya daga cikinsu ma likita ne, shi ne kuwa ya fara mutuwa. Wanda ya rage shi kaɗai, Andreas Riis, wani mai maganin gargajiya ne ya yi jiyyarsa har ya tashi. A 1835 Riis ya hau tuddan Akuapem inda iska ta fi sanyi, sarkin ƙasar, Nana Addo Dankwa na ɗaya, ya karɓe shi a garin Akropong. Aka ƙara aiko masa da mataimaka biyu, su ma suka mutu. Cikin shekara goma sha biyu, mutum tara aka aiko, takwas suna ƙasa, ba a kuwa yi wa ko mutum ɗaya baftisma a Akropong ba. Ana ba da labari cewa sarkin ya nuna wa Riis ba za su karɓi Littafin ba sai sun ga baƙar fata irinsu yana karanta shi. Wannan ya sa a 1843 aka kawo Kiristoci baƙaƙen fata daga Jamaika da Antigwa, jikokin waɗanda aka sayar bayi daga wannan gaɓar teku, suka zauna a Akropong, suka yi noma, suka buɗe makaranta.

Shekara ɗaya kafin zuwansu, wato 1842, aka haifi Opoku a wannan gari. Ba ɗan talaka ba ne. Sarkin nan da ya sauki Riis kakansa ne, mahaifinsa kuwa, Nana Yaw Darko, shi ne mai magana da yawun sarki a fada, mai bin addinin kakanni. Sunan yaron na gida Kofi, wato haihuwar Jumma'a, abin da mu za mu ce Ɗanjuma. Mahaifin ya rasu yaron yana ƙarami. Ya shiga makarantar mishan a farkon shekarun 1850, aka yi masa baftisma a 1856, ya ɗauki sunan Theophilus, sunan mutumin nan da Luka ya rubuta wa bishararsa da Ayyukan Manzanni, ma'anarsa kuwa mai ƙaunar Allah. A 1858 ya shiga makarantar horon masu bishara ta Akropong, wadda aka kafa a 1848. Can ya koyi tauhidi da wa'azi, da Helenanci da Ibrananci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe game da shi tun yanzu: Opoku ba mai ƙarfin jiki ba ne. Tun yana yaro yake yawan ciwo, a lokacin karatunsa kuma ciwon zuciya ya dame shi. Sau da yawa in muna ba da labarin bayin Allah na dā, mukan zana su kamar ƙattai, masu ƙafar ƙarfe, waɗanda gajiya ba ta san su ba. Wannan yakan sa mai raunin jiki a cikinmu ya ce, to, ni ba da ni ake ba. Amma mutumin da ya taka daga Akuapem har Salaga da ƙafa, mutum ne da in a yau ne, likita zai ce masa ya zauna gida ya huta.

Ya yi koyarwa a Mamfe, ya yi aure, sa'an nan aka tura shi Larteh. Larteh ba wurin wasa ba ne ga mai bishara, gama nan ne mazaunin Akonedi, ɗaya daga cikin manyan wuraren tsafi na ƙasar duka, mutane suna zuwa daga nesa neman taimako. Ya zauna cikinsu shekaru, ya koyar, ya yi haƙuri. Mutanen Larteh kuwa ba Twi ne harshensu na gado ba, suna magana da wani reshe na Guan, dangin harshen Krachi da na Gonja. Ka ga yadda Allah yakan shirya mutum ba tare da ya sani ba: kunnen da ya saba da Guan a Larteh, shi ne zai kai arewa daga baya. A kuma waɗannan shekaru yana cikin 'yan ƙasa da suka taimaki Johann Gottlieb Christaller juya Littafi Mai Tsarki zuwa Twi, tare da ɗan'uwansa David Asante da wasu. Aikin ya fito cikakke a 1871, shekara sittin da ɗaya kafin namu na Hausa ya fito a 1932. Ran 1 ga Satumba 1872 aka keɓe shi fasto. David Asante ya riga shi, amma shi a can Basel aka ɗibiya masa hannu. Opoku ne ɗan ƙasa na fari da mishan ɗin ya keɓe a nan ƙasar Gwalkwas.

Yanzu sai Salaga. Kai da ka san Salaga ta yau, gari mai shiru a gabashin Gonja, sai ka yi ƙoƙari ka ga wata Salaga dabam. A zamanin nan babu kasuwa irinta tsakanin daji da hamada. Ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su ratsa Borgu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, watanni suna tafe, duk domin goron da Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, suke kawowa daga kurmi. Mosawa kuma suna gangarowa da shanu da tumaki. Sarkin ƙasa yana zaune a Kpembe, kusa da garin, Salaga kuwa ta baƙi ce, kowace kabila da unguwarta, Hausa ce harshen ciniki. Ruwa ne babbar matsalarta, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi ba iyaka har ake mata kirari da garin rijiya dubu, kurkunu kuma ba ya rabuwa da mutane. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta yi amfani da wannan dama ta yar da karkiyar Asante. Goro ya ragu a kasuwa, hanyar kudu ta koma ta Krachi, inda bokan Dente yake da iko a kan mai wucewa. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga mutumin Akuapem ya kai can, abin da a dā Asante ba sa yarda.

Sai dai ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba. Ana sayar da mutane. Mayaƙan Zabarmawa, a ƙarƙashin Gazari, daga baya kuma Babatu wanda kabarinsa yake Yendi, suna kai hari ƙasashen Sisala da Kasena da Builsa da sauran waɗanda ake kira Gurunsi, suna kamo maza da mata da yara. Sunayen wurare a Salaga har yau suna ba da shaida da Hausa: akwai Wankan Bayi, inda akan wanke su kafin a kai kasuwa, akwai Rafin Angulu, inda akan yar da waɗanda suka mutu. Kada mu yi saurin nuna wa wata kabila ko wani addini yatsa, gama zunubin nan hannu da yawa ne suka ɗauke shi. Akwai mai kamawa, akwai dillali, akwai mai saye daga kudu, kafin su kuma akwai jiragen Turawa masu kiran kansu Kirista da suka yi ɗaruruwan shekaru suna jira a bakin teku. Mishan ɗin Basel kansa sai a farkon shekarun 1860 ya hana 'yan ikkilisiyarsa riƙe bayi, Ingilishi kuma suka haramta bauta a yankinsu na kudu a ƙarshen 1874, dokar da ba ta kai arewa ba. Kai ɗan'uwana na Zebilla ko Bawku, ka tambayi tsofaffin gidanku, mai yiwuwa akwai sunan wani da aka tafi da shi bai dawo ba.

Cikin wannan gari Opoku ya shiga a 1877, bayan tafiyar fiye da kilomita 300 a ƙasa, yana ɗan shekara talatin da biyar. Ya duba, ya yi tambaya, ya rubuta abin da ya gani: kasuwa, da masallatai, da harsunan mutane, da bayin da aka ɗaure a rana ana cinikinsu. Christaller ya buga labarin tafiyar daga baya, har yau masu binciken tarihin Gonja suna komawa gare shi, domin yana cikin shaidu na fari da ɗan Afirka mai ilimin boko ya rubuta a kan Salaga kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta. Jikan sarki ne, a garinsu kowa ya san shi. A Salaga kuwa ba kowa ba ne, baƙo ne cikin dubban baƙi, mai wani addini da ba wanda ya nema.

A cikin tafiyar nan ce agana ta kama shi.

Matasanmu ba su san agana ba, godiya ga Allah. Tun 1967 aka shiga yi wa jama'ar Afirka ta Yamma lamba gari-gari, mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somaliya yake a 1977, shekara ɗari daidai bayan ciwon Opoku, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita. Amma ka duba damtsen kakarka za ka ga tabon lambar, ka kuma tambaye ta, za ta gaya maka. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya da na kai. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje su fito a baki da fuska, su bazu har tafin hannu da na ƙafa, su cika da ruwa, su zama mugunya. Haɗiyar ruwa ma azaba ce. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku ba sa tashi. Wanda ya tashi yakan fita da zanzana a fuska, wani ma da makanta. Babu magani, sai jira, mako uku ko huɗu. Abin da ya fi ciwon zafi kuwa shi ne gudun da mutane ke yi wa mai ita. A wurare da yawa bukka akan yi masa a bayan gari, a ajiye masa abinci daga nesa.

To, ka sa kanka a tabarmarsa. Mutum mai raunin zuciya tun dā, nesa da matarsa da 'ya'yansa, nesa da likitan mishan, babu waya, babu mota, wasiƙa ma kafin ta kai Akropong an daɗe da binne shi. Ya san lissafin cutar sarai. Ya kuma ga da idonsa abin da ake yi da gawar wanda ba shi da kowa a ƙasar baƙunci. Ga mutumin Akan, kamar yadda yake ga Bakusase ko Badagombe, mutuwa a waje ba tare da dangi sun wanke ka sun binne ka kusa da kakanni ba, ita ce mummunar mutuwa. Duk wannan yana gabansa. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa waƙa ce.

Ba zan kawo maka kalmominta a nan ba, ka nemi ɗan'uwa mai jin Twi ya rera maka ita, ya fassara. Jigonta dai baƙunci ne. Mai waƙar ya dubi halin da yake ciki, ya gane cewa ba a hanyar Salaga kaɗai yake baƙo ba, ko a Akropong ma, a gidan kakansa sarki, baƙo ne. Ya amsa cewa hanyar akwai wahala, bai ɓoye ba, sa'an nan ya ɗaga ido zuwa hutun da Allah ya shirya. Ba shi ne ya fara bin wannan turba ba. Malamansa Jamusawa suna da wata tsohuwar waƙa mai irin wannan jigo ta Paul Gerhardt, faston da ya rayu cikin yaƙin shekara talatin na Jamus, ya binne matarsa da huɗu daga cikin 'ya'yansa biyar. Kafin Gerhardt kuma akwai Dawuda, wanda a Zabura 39 ya kira kansa baƙo mai wucewa kamar kakanninsa, akwai Bitrus da ya kira masu bi baƙi a wasiƙarsa ta fari. Opoku ya san waɗannan tun yana makaranta. Amma sanin aji dabam, sanin tabarmar ciwo dabam.

Mu masu jin Hausa a Ghana bai kamata wannan magana ta yi mana wuyar ganewa ba. Ina muke zama a garuruwan kudu? A zango. Mene ne kuwa zango tun asali? Wurin da ayari yakan sauke kaya, a ba jakuna ruwa, a dafa abinci, a kwana, da asuba a ɗaura a yi gaba. Ba wanda yakan yi fushi don zango ba shi da soro, ba kuma wanda yakan yi kuka ran tashi kamar an raba shi da gado. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Abin da bishara ta ƙara a kan wannan hikima shi ne sunan inda ayarin ya dosa, da sunan Madugun. Kowa ya san duniya ba wurin zama ba ce, Musulmi ya sani, mai bin gargajiya ya sani, wanda ba ya bin kome ma ya sani. Begen mai bin Yesu ba a kan wannan sani yake tsaye ba. Yana tsaye a kan cewa akwai wanda ya riga ya shiga kabari ya fito a rana ta uku, ya kuma yi wa almajiransa alkawari, a Yohanna sura 14, cewa ya tafi shirya musu wuri, zai dawo ya ɗauke su.

Dubi karatunmu na yau. Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar Kan'ana duka, amma ran da Saratu ta mutu a Hebron, ba shi da ko taki ɗaya da zai binne ta. Sai da ya tsaya gaban Hittiyawa ya amsa cewa shi baƙo ne, ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi saura da kogon Makfela. Wato abin da Ibrahim ya mallaka da ciniki a ƙasar alkawari makabarta ce. Marubucin Ibraniyawa bai ga wannan a kan faɗuwa ba. Ya nuna cewa mutanen nan sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi, wata ƙasa mafi kyau suke nema, saboda haka Allah ba ya jin kunya a kira shi Allahnsu.

Ina faɗin wannan ne domin na san abin da ke damun gidaje da yawa a cikinmu. 'Ya'yanmu suna kudu, wasu a gonakin koko, wasu a ramukan zinariya, 'yan matanmu suna dakon kaya a kasuwannin Kumasi da Ankara. In ɗaya ya mutu can, iyali sukan sayar da saniya, su ci bashi, su yi hayar mota domin a kawo gawa gida. Ban ce wannan laifi ba ne, ƙauna ce, Yusufu ma ya roƙi a ɗauki ƙasusuwansa daga Masar. Amma akwai uwar da ba ta sami halin yin haka ba, aka binne ɗanta inda ba ta taɓa gani ba, har yau tana kwana da tunanin ko ya ɓata. Akwai waɗanda rikicin Bawku ya raba da gidajensu, musamman tun da ya sake tashi a ƙarshen 2021, wasu ba su ma sami zuwa jana'izar nasu ba. Akwai maƙwabtanmu daga Burkina Faso da suka gudo daga masu bindiga aka sauke su a Tarikom, kusa da Zebilla, sun bar kaburburan iyayensu a baya. Uwata, 'yar'uwata, ɗan'uwana, in kana cikin waɗannan, ka ji: Ubangiji ba ya bukatar a nuna masa kabari kafin ya ta da wanda yake nasa. Wahayin Yohanna sura 20 ta nuna ko teku ma za ta ba da matattun da ke cikinta. Wanda ya san inda kowane bawa da aka yar a Rafin Angulu yake, bai manta da inda naka yake kwance ba.

Kada kuma ka ɗauka bege yana hana hawaye. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, irin baƙin cikin marasa bege ne ya hana su. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da 'yan mintoci. Ina ganin abin da ya sa waƙar Opoku ta daɗe a bakin mutane ke nan: ba ta ce wa mai makoki ya yi shiru ba, ta ba shi abin da zai rera yana kuka.

Opoku bai mutu ba. Ya warke, ya koma gida. A nan sai mu yi hankali, domin akwai wa'azin da ya yi yawa a zamaninmu, mai cewa in bangaskiyarka ta isa, lalle ka warke. Shin samarin nan takwas da zazzaɓi ya kwashe kafin 1840, bangaskiyarsu ce ta gaza? Sun bar iyayensu sun zo, na baya suna sane da cewa na gaba sun mutu. Opoku bai fi su bangaskiya ba, aikinsa ne bai ƙare ba. Waƙar da ya yi ma ba ta roƙon warkewa ba ce, ta mutumin da ya shirya tafiya ce. Aka ce masa ya dakata, ya dakata shekara talatin da shida.

Waɗannan shekaru kuwa ba na hutu ba ne. Ya yi aiki a Kukurantumi a ƙasar Akyem, ya yi a Adukrom, daga baya ya koma Akropong. Mutum ne da ba ya iya ganin abin da bai dace ba ya yi shiru, ko a ikkilisiya ko a gari, wannan kuwa ya jawo masa saɓani da manyan garinsu, inda jininsa yake. Shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki a Mamfe ya yi su, inda ya fara koyarwa yana saurayi, ya huta a 1911. Baƙuncin da ya rera a hanyar arewa, ya ɗanɗana shi a ƙofar gidansu.

Salaga fa? In da idon mutum za a auna, tafiyar ba ta haifi kome ba. Bai bar ikkilisiya a can ba. David Asante ma ya kai garin, wasu Turawan mishan suka je suka dawo, shekaru suka wuce shiru. Sai a farkon 1913 mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi, wadda a lokacin take hannun Jamus, Opoku yana tsoho a gida. Ita ma ba ta daɗe ba, yaƙin duniya na fari ya rufe ta a 1916. A 1931 masu bishara na Assemblies of God suka sauka a Yendi daga ƙasar Mosi, daga can aikinsu ya kai Tamale da Walewale da Bawku. Ikkilisiyar Presbyterian, wadda ta gaji Basel, ta dawo arewa wajen 1950, a 1956 kuma ta karɓi asibitin Bawku, inda da yawa cikin masu sauraronmu aka haife su, ko suka yi jiyyar nasu. Opoku bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan na baya ba.

Ya rasu ran 7 ga Yuli 1913, yana da shekara saba'in da ɗaya ko kusa da haka. Mutumin da ya shirya mutuwa a ƙasar baƙi, ba dangi ba mai wanka, a Akropong Ubangiji ya kira shi, a kan tudun da aka haife shi, cikin mutanen da ya taimaka aka juya musu Littafi Mai Tsarki da harshensu.